Taimakon Kuɗi Don Raya Filayen Shan Iska a Unguwannin Talakawa

Jawabin wayar da kai ga sarakunan Hausawa, masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin taimakon kai da kai na manyan biranen kudu



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi wa jama'a bayani a kan wani irin taimakon kuɗi wanda hukumomi da ƙungiyoyin agaji kan ba mutanen unguwa kai tsaye, don su mai da kango ko juji ya zama fili mai itatuwa da ciyawa, inda yara za su yi wasa, tsofaffi kuma su sha iska. Kuɗin ba ya da yawa, don haka ne ake kiransa ƙaramin taimako. Za a bayyana dalilin da ya sa wasu unguwanni suka rasa inuwa, da irin cutarwar da rashin nan ke yi, da wuraren da aka gwada wannan hanya a duniya, da kuma sharuɗɗan da ke sa kuɗin ya yi albarka ko ya salwanta. Abin da ake so kowa ya riƙe shi ne, ƙaramin kuɗi yana iya raya fili muddin yana hannun mutanen da ke kwana kusa da filin, filin yana da takarda, kuma ana biya ne a kan itacen da ya rayu.

Dalilin Da Ya Sa Wasu Unguwanni Ba Su Da Inuwa

Duk wanda ya bi ta Ikoyi a birnin Ikko, sa'an nan ya shiga Agege ko Mushin ko Idi-Araba ko Ajegunle, zai ga bambanci tun kafin a gaya masa. Haka nan wanda ya fito daga Jeriko a Badun ya shiga Sabo. A wuri na farko manyan itatuwa sun rufe hanya, a na biyu kuwa kwanon rufi ne ya haɗa kai da kwanon rufi, har mai tafiya yakan yi nisa bai sami inda zai fake wa rana ba sai rumfar mai shayi.

Wannan bambanci yana da asali. A zamanin mulkin mallaka, bisa tsarin da Gwamna Lugga ya shimfiɗa da kuma dokar birane ta 1917, an keɓe wa Turawa unguwanninsu dabam, aka yanka musu manyan filaye, aka dasa itatuwa, aka kuma ce a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakaninsu da unguwannin 'yan ƙasa. Su kuwa unguwannin 'yan ƙasa da na baƙi, irin su Sabo ta Badun wadda aka kafa a 1916, an bar su su cika yadda suka ga dama. Bayan samun mulkin kai a 1960 mutane suka yi ta kwararowa birane neman abinci, kowane taƙi na ƙasa ya zama ɗakin haya ko shago ko garejin makanikai. Filin da ya tsira daga gini kuwa sau da yawa juji ya cinye shi.

Sabo da haka rashin itatuwa a unguwar talaka gado ne na tsarin gari, kuma abin da tsari ya ɓata tsari yana iya gyarawa. A 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Nijeriya, sun amince da muradun raya ƙasa guda 17, kuma a cikin muradi na 11 an rubuta cewa kafin 2030 a samar wa kowa fili mai tsaro da tsirrai wanda zai iya kaiwa gare shi, musamman mata da yara da tsofaffi da naƙasassu.

Cutarwar Da Rashin Fili Ke Yi

Cuta ta farko ita ce zafi. Kwano da siminti da kwalta suna shan zafin rana tun safe, da dare kuma su sake shi, shi ya sa ɗakin haya a unguwa mai cunkoso ba ya hucewa har asuba. Itace yana rage wannan ta hanya biyu: yana tare rana kafin ta sauka a kan bango ko ƙasa, kuma yana jawo ruwa daga saiwarsa ya fitar ta ganye, iskar da ke kewaye da shi ta yi sanyi, kamar yadda ruwan randa ke sanyi sabo da tsattsafowar da yake yi ta jikin randar. A watan Fabrairu na 2024 an yi wani matsanancin zafi a kudancin Afirka ta Yamma, har da kudancin Nijeriya, inda masana suka lissafta cewa zafin da jiki ke ji, in an haɗa da danshin iska, ya kai wajen digiri 50. A irin wannan lokaci mai hali yana da na'urar sanyaya ɗaki da injin wuta. Tsoho da jariri da mai ciki a gidan haya ba su da mafaka sai inuwar da ke waje, in akwai ta.

Cuta ta biyu ita ce ambaliya. Ƙasar da ke da ciyawa da saiwa tana shan ruwan sama, wadda aka dafe da siminti kuwa tana tura shi gaba ɗaya zuwa kwata. In kwatar ta cika da shara, ruwan sai ya nemi hanya ta cikin gidaje. Mutanen Badun ba su manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta watan Agusta na 1980 ba, ko ta ran 26 ga Agusta 2011 wadda ta kashe mutum fiye da 100. Gini a bakin rafi da zuba shara a magudana suna cikin manyan dalilan da aka ambata a duka biyun. Ƙaramin fili guda ba zai hana ambaliya irin wannan ba, amma kowane juji da aka kwashe daga bakin kwata aka mai da shi ciyawa ya rage sharar da za ta toshe hanyar ruwa.

Cuta ta uku ta shafi yara. Yaron da ba shi da filin wasa titi ne filinsa, tsakanin 'yan acaɓa da motocin haya. Kangon da aka yi watsi da shi kuma yakan zama matattarar ɓeraye da ƙudaje da gwangwanayen da ruwa ke kwanciya a ciki sauro ya hayayyafa, da dare kuma ya zama maɓoyar masu shaye-shaye. Watau fili ba ya zama haka nan a banza: in jama'ar kirki ba su riƙe shi ba, wani abu zai riƙe shi.

Mene Ne Ƙaramin Taimako?

Ƙaramin taimako kyauta ce ta kuɗi, ba rance ba ce, wadda ake ba ƙungiyar unguwa don ta yi wani aiki takamaimai cikin ƙayyadadden lokaci, ta kuma kawo lissafin yadda ta kashe. Misalin da ya fi shahara shi ne shirin ƙananan taimako na Asusun Kula da Muhalli na Duniya, wanda aka fi sani da GEF. An fara shi a 1992, shekarar da aka yi babban taron muhalli a birnin Riyo na ƙasar Barazil, aka danƙa gudanar da shi ga Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNDP. A tsarinsa na asali iyakar abin da ake ba ƙungiya ɗaya don aiki ɗaya shi ne dala 50,000, kuma wani kwamiti na cikin ƙasa ne ke tantance masu nema. Shirin ya fara aiki a Nijeriya a 2009. Ban da wannan, gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, da kamfanoni, da ofisoshin jakadanci, da attajiran unguwa su kansu, duk sukan ba da irin wannan taimako, wani lokaci da tsabar kuɗi, wani lokaci da dashe ko kayan aiki.

Mai sauraro yana iya tambaya, me ya sa ba za a ba ɗan kwangila babban kuɗi ya yi aikin gaba ɗaya ba? Amsa ita ce, ɗan kwangila aikinsa yana ƙarewa ran da aka buɗe wurin, na itace kuwa ran nan yake farawa. Dashe yana bukatar ruwa a ranin farko da na biyu, yana bukatar kariya daga akuya da rago, yana bukatar wanda zai tsawata wa mai zuba shara da asuba. Wannan aiki sai maƙwabci. Ƙaramin taimako amfaninsa shi ne ya sayi abin da maƙwabta ba za su iya haɗawa da hannunsu ba, kamar hayar motar kwasar shara da katakon shinge da tankin ruwa, sauran aikin kuma gayya ta yi shi. Gayya kuwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, ko ga maƙwabtansa Yarbawa da Ibo, kowa yana da irin tasa.

Darasi Na Farko: Aiki Mai Sauƙi Ya Isa

A birnin Filadelfiya na Amurka akwai dubban kangaye a unguwannin matalauta. Wata tsohuwar ƙungiyar masu aikin lambu ta jihar Fensilbaniya ta ɗauki wata hanya mai sauƙi ƙwarai: a kwashe shara, a baje ƙasa, a shuka ciyawa, a dasa 'yan itatuwa kaɗan, a kewaye da gajeren shingen katako mai ƙofa a buɗe, sa'an nan a riƙa zuwa a kai a kai ana yanke ciyawa ana tsince datti. Babu ginin da ake yi, babu maɓuɓɓugar ruwa ta ado.

Masana daga jami'o'i sun gwada ko wannan yana da wani tasiri. Suka ɗauki kangaye 541, suka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a: kashi ɗaya aka yi masa cikakken gyara, kashi ɗaya aka share shi aka yanke ciyawa kawai, kashi ɗaya kuma aka bar shi yadda yake. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa a unguwannin da suka fi talauci, harbe-harben bindiga sun ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen filayen da aka gyara. Wani bincike a kan wannan gwaji ɗin ya nuna cewa a cikin mutanen da ke zaune kusa da filayen da aka yi wa cikakken gyara, masu cewa suna fama da ƙuncin rai sun ragu da fiye da kashi 40 cikin 100. Kuɗin aikin kuwa kimanin dala 5 ne a kan kowane murabba'in mita a karon farko, da wajen rabin dala kowace shekara don kulawa.

Matsalolin Filadelfiya dabam suke da na Agege, amma darasin ɗaya ne. Wurin da aka ga alamar hannu a kansa, mutane suna jin nauyin ɓata shi. Kuma gajeren shingen nan yana da hikima: yana nuna fili yana da masu shi, amma ba ya ɓoye abin da ake yi a ciki.

Darasi Na Biyu: Takarda Kafin Dashe

A 1973 birnin Niyok yana cikin matsin kuɗi, gidaje da yawa sun zama kufai. Wata mata mai zane-zane, Liz Christy, ta tara maƙwabta suka kwashe sharar wani kango a unguwar Boweri suka mai da shi lambu. A 1974 hukumar birnin ta ba su hayar wurin a kan dala ɗaya a wata. Wasu unguwanni suka yi koyi, har a 1978 birnin ya buɗe ofishi na musamman mai ba irin waɗannan lambuna izni da kayan aiki, kuma yawansu ya haura 500.

Amma yawancin lambunan a kan izni na wucin gadi suke. Da ƙasa ta yi daraja, a 1999 hukumar birnin ta sa lambuna fiye da 100 a gwanjo don a yi gine-gine. Sai da aka shiga kotu, kuma wasu ƙungiyoyi biyu suka biya miliyoyin daloli ana gab da gwanjon, kafin lambunan nan suka tsira. Mutanen da suka shekara ashirin suna ban ruwa sun kusa wayar gari ba su da kome, domin guminsu ba ya cikin takarda.

Wannan darasi ya shafi Nijeriya ƙwarai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, kuma filayen cikin birni shi ke da ikon ba da takardar shaidar riƙe su. Sabo da haka kangon da ake gani kamar ba shi da mai shi lalle yana da mai shi: ko gwamnati, ko wani mai takarda, ko iyalin da suka gaje shi. Ƙungiyar da ta gyara fili bisa iznin fatar baki, ta ƙara masa daraja ne kawai don wani ya sayar.

Darasi Na Uku: A Biya a Kan Itacen Da Ya Rayu

Ran 5 ga Yuni 1977 Farfesa Wangari Maathai da matan Majalisar Mata ta Ƙasar Kenya suka dasa itatuwa 7 a filin Kamukunji na birnin Nairobi. Daga nan ƙungiyarta ta dashen itatuwa ta faro. Ƙa'idar da suka bi ita ce, mata su reni dashe a unguwarsu, su raba wa jama'a, su bi sawu, sa'an nan a biya su ɗan kuɗi kaɗan a kan kowane dashen da aka tabbatar ya rayu. Ta wannan hanya aka dasa itatuwa fiye da miliyan 50, ita kuma aka ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004.

An sabunta wannan dabara a Firitawun, babban birnin Saliyo. A watan Agusta na 2017 wani tsauni ya zabtare a gefen birnin bayan ruwa mai yawa, mutum fiye da 1,000 suka hallaka, kuma sare itatuwan gangaren yana cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi. A 2020 magajiyar garin, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ƙaddamar da shirin dasa itace miliyan ɗaya. Mutanen unguwanni aka ɗauka su yi dashen. Kowane itace aka ba shi lamba, aka ɗauki hotonsa da wayar hannu tare da alamar wurin da yake, mai kula da shi kuma yana komawa lokaci lokaci ya sake ɗaukar hoto, a aika masa da ladansa ta waya bayan an ga itacen yana nan da rai.

Kowa ya san yadda bikin dashe kan kasance: a kafa rumfa, babban baƙo ya dasa ɗaya, a ɗauki hoto, bayan wata uku a tarar da sanda busasshiya. Kenya da Saliyo sun nuna cewa maganin wannan shi ne a ɗaure lada ga rayuwar itacen.

Matakan Da Ƙungiyar Unguwa Za Ta Bi

Na ɗaya, a kafa kwamiti ƙarami wanda ya ƙunshi dukan mazauna layin, Hausawa da 'yan gari da sauran ƙabilu, masallaci da coci, tare da sanin Sarkin Hausawa da Bale ko mai unguwar wurin. Wajibi ne a sa mata da samari a ciki, domin mata ne suka san inda ruwa yake da lokacin da yara ke fita, samari kuma su ne ƙarfin gayya. Filin da ƙabila ɗaya ta gyara ita kaɗai yakan zama abin rigima.

Na biyu, ƙungiya ta yi rajista, ko a ƙaramar hukuma a matsayin ƙungiyar raya unguwa, ko a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Tarayya, ta kuma buɗe asusun banki da sunanta, wanda ba a fitar da kuɗi sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. Masu ba da taimako ba sa zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya.

Na uku, a binciki mai filin, a sami izninsa a rubuce, da yawan shekarun da ya yarda, da sa hannun shaidu. In filin gwamnati ne, kamar gefen hanya ko tazarar da doka ta hana gini a bakin magudana, a nemi izni daga ofishin tsara gari ko ma'aikatar muhalli ta jiha. A Jihar Ikko akwai hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa, watau LASPARK, wadda aka kafa da dokar 2011, kuma jihar ta keɓe ran 14 ga Yuli ta kowace shekara don dashen itatuwa. Attajirin da ke da fili yana iya ba da shi waƙafi, amma shi ma a rubuta, a sanar da magada tun yana da rai.

Na huɗu, a rubuta takardar nema gajeriya kuma bayyananniya: girman filin, hotonsa yadda yake yanzu, yawan gidajen da ke kewaye, abin da za a yi, farashin kowane kaya, da gudummawar da unguwa za ta bayar ta kuɗi ko ta aikin hannu. Kada a roƙi abin da ba za a iya kula da shi ba. Shawara ita ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don ban ruwa da gyaran shinge da ladan mai kulawa na shekara biyu, a riƙa biyansa kashi kashi bayan an ƙirga itatuwan da ke raye.

Na biyar, a zaɓi itacen da ya dace. Dogon yaro, wanda aka fara kawowa Nijeriya ta lardin Barno a 1928, yana da jimiri, yana kuma saurin ba da inuwa. Mangwaro da gwaiba da yazawa da lemo suna ba da inuwa da 'ya'ya, zogale kuma yana shiga tukunya cikin shekara guda. Ceɗiya da durumi inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu tana fasa bango da kwata, don haka sai a fili mai faɗi. Kada a dasa babban itace a ƙarƙashin wayar lantarki, ko a kan bututun ruwa, ko dab da harsashin gida. Ma'aikatan gandun daji na jiha, da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Badun, su ne suka fi dacewa a nemi shawararsu da dashe mai kyau.

Na shida, a yi dashe bayan damina ta zauna, don saiwa ta kama kafin rani. A haƙa rami mai zurfin kamar ƙafa biyu, a cika shi da ƙasa mai taki, domin ƙasar tsohon juji takan cika da kwalabe da leda da baraguzan gini. In wurin tsohon gareji ne ko an daɗe ana zubar da baƙin mai ko batir a cikinsa, a dasa itatuwan inuwa kawai, kada a shuka abin da za a ci. Kowane dashe a yi masa keji, a kuma ƙara tsaro kafin babbar salla, lokacin da raguna ke cika unguwa.

Na bakwai, ma'aji ya ajiye rasit na kowane kwabo, magatakarda ya karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata uku, a kuma manna kwafi a inda kowa zai gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma zargi a kan kuɗi shi ne tsagewar da ta fi rusa ƙungiyoyin unguwa. Ƙungiyar da ta kawo lissafi mai tsabta a karon farko ita ce ake sake ba wa a karo na biyu.

Amsar Wasu Shakku

Akwai masu cewa itatuwa da ciyawa suna kawo sauro. Sauro a cikin ruwa mai kwanciya yake hayayyafa, irin na tsohuwar taya da gwangwani da kwatar da ta toshe, waɗanda su ne kayan juji. Ciyawa mai tsawo tana ba shi wurin fakewa da rana, tana kuma iya ɓoye maciji, shi ya sa yanke ta a kai a kai yake cikin sharuɗɗan aikin.

Akwai masu cewa wurin zai zama zauren 'yan iska. Hakan yakan faru in an kewaye shi da dogon bango, ko an bar shi cikin duhu. A yi shinge gajere, a sa fitila mai aiki da hasken rana, a kafa benci inda dattawa za su zauna bayan la'asar. Wurin da dattijo ke zaune, mai mugun nufi ba ya daɗewa.

Akwai kuma masu cewa mai jin yunwa ba ya bukatar furanni. Gaskiya ne abinci yana gaba. Amma kuɗin da ake kashewa a kan zazzaɓi da gudawa da kayan ɗakin da ambaliya ta lalata daga cikin kuɗin abincin nan yake fita, kuma filin yana iya ɗaukar 'yan kunyoyin alayyafo da kuɓewa in ƙasarsa tana da tsabta.

Gargaɗi

A yi hattara da 'yan damfara masu aiko da saƙo ta waya suna cewa an buɗe wani taimako, a biya kuɗin fam ko a aiko da lambar sirri ta katin banki. Mai ba da taimako na gaskiya ba ya neman lambar sirrin kowa, kuma ba ya karɓar cin hanci kafin ya saki kuɗi. Duk sanarwar da aka ji, a tabbatar da ita a ofishin hukumar da aka ambata, ko a sashen muhalli na ƙaramar hukuma, kafin a ba da ko sisin kwabo. Haka kuma kada a jira taimako kafin a fara. Ƙungiyar da ta riga ta kwashe juji da gayya, ta nuna hoton jiya da na yau, ita ce masu ba da kuɗi suka fi amincewa da ita.

Kammalawa

Gwamnati tana da nata nauyin na tsara gari da kare filayen jama'a daga masu cinye su, kuma ƙaramin taimako ba ya ɗauke mata wannan nauyi. Amma kangon da ke bayan layi ba zai jira ba, ko dai ya zama inuwa ko kuwa wani ya kafa shago a kansa, in an yi gini kuma magana ta ƙare. Malamai sun sha bayyana cewa dasa itace yana cikin sadaka mai gudana, wadda ladanta ke bin mai ita muddin mutum ko tsuntsu ko dabba na amfana. Ana roƙon kowane sarki da mai unguwa da shugaban ƙungiya, in ya koma gida, ya tara jama'arsa su zaɓi fili guda, su binciki mai shi, su rubuta takarda kafin damina mai zuwa ta kama.

Allah ya ba da ikon yi, ya sa albarka a cikin abin da za a dasa. Wassalamu alaikum.